Kalmar "Midil" Da Makarantar Da Ta Wuce Kakanninmu

   

Yau kalma ɗaya tak nake so mu duba, wadda dattawanmu suka sani sarai, amma mu yara ta kusa ɓace mana. Kalmar ita ce "midil". Abin da ya jawo maganar kuwa shi ne, kwanakin baya muna zaune a bakin shagon mahaifina a nan Gadaka bayan sallar la'asar, sai hira ta gangaro kan marigayi Malam Adamu Ciroma, Dallatun Fika. A cikin masu hirar akwai wani dattijo abokin Baba, tsohon malamin makaranta ne da ya haura shekara 80, duk unguwa Baba Hedimasta muke ce masa. Sai ya girgiza kai ya ce, "Ai Malam Adamu ɗan midil ne, irinsu sun ƙare." Ƙanena da ke auna wa wata yarinya sukari sai ya ɗago kai ya ce, "Baba, ashe har ƙwallo ya buga?" Nan fa aka kwashe da dariya har da masu tari. Shi yaro a iya saninsa na gidan kallon ƙwallo, ɗan midil shi ne mai buga tsakiyar fili.

Ni ma na yi dariyar, amma a raina na san ban fi shi da komai ba. Na san dai makaranta ce ta zamanin Turawa, shi ke nan. Wannan ya sa na riƙa zama da Baba Hedimasta ina yi masa tambayoyi, na kuma duba tarihin wasu manyanmu na Arewa. Ga abin da na tattaro.

Ma'anar Kalmar

Midil kalmar aro ce daga Turanci. Su Turawa suna rubuta ta middle, ma'anarta a wurinsu kuwa ita ce tsakiya. Tsakiyar hanya, tsakiyar dare, tsakiyar kogi, yatsan tsakiya, duk da ita suke faɗa. To amma idan mai karatu ya lura, Bahaushe bai aro ta da duk wannan faɗin nata ba. Ba za ka taɓa jin wani ya ce ya farka a midil ɗin dare, ko akuya ta kwanta a midil ɗin titi ba. Dalili kuwa shi ne ba mu da ƙarancin kalma a wannan wuri. Muna da tsakiya. Muna da tsaka, kamar yadda muke cewa tsakar gida, tsakar rana, tsakar dare. Muna da tsakani da tsaka-tsaki, kuma idan mutum ya rasa gaba ya rasa baya mu ce ya shiga tsaka mai wuya. Muna kuma da cibiya, wadda asalinta ta jikin mutum ce, amma muke kiran duk inda harka ta tattaru da ita, kamar a ce Kano cibiyar kasuwanci.

Saboda haka abin da Bahaushe ya aro ba "tsakiya" ba ce. Ya aro sunan wani sabon abu ne da ba shi da shi a da, wato wata irin makaranta. Shi ya sa a bakin dattawa za ka ji "makarantar midil", ko "midil ta Kano", ko "wane ya yi midil", ko "ya tsaya a midil biyu". Kalmar ta shigo ne tare da 'yan uwanta na wancan zamani: elemantare, kwaleji, hedimasta, En'e, Di'o da Razdan.

Akwai wani abu kuma game da furucinta. Harshenmu ba ya son baƙaƙe biyu su haɗu a ƙarshen kalma ba wasali, don haka sai aka cusa "i" a tsakani ta zama midil. Amma dubi tebur da kyandir. Su ma a Turanci irin ƙarshensu ɗaya da ita, sai dai a bakin Bahaushe "l" ɗinsu ta koma "r". A ganina, dalilin shi ne tebur da kyandir kayan kasuwa ne, sun shigo ta bakin kuku da boyi da 'yan tireda, ita kuwa midil ta bakin malaman makaranta ta shigo, waɗanda suke ganinta a rubuce kullum.

Yadda Aka Kafa Ta

Bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, sun ga suna bukatar 'yan ƙasa da za su iya rubutu da lissafin boko don tafiyar da mulki. A 1909 wani Bature mai suna Hans Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati a Nassarawa ta Kano. Daga baya aka riƙa buɗe makarantu a hedikwatocin larduna, ana ce musu makarantun lardi. A 1922 kuma Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina don horar da malamai.

Sunan midil bai fito sosai ba sai bayan 1929. A shekarar ce aka haɗe ma'aikatar ilimi ta Arewa da ta Kudu, aka ɗora wani Bature mai suna Hussey a kanta, wanda ya yi aiki a Sudan da Uganda kafin ya zo nan. Shi ne ya kawo tsarin hawa uku: elemantare a ƙasa, kwaleji a sama, sai wata makaranta a tsakaninsu. Wannan ta tsakanin ita ce midil. Daga wajen 1930 sai makarantun lardi suka koma amsa wannan suna.

Elemantare shekara 4 ce, ana samunta a garuruwan hakimai, kuma galibi da Hausa ake koyarwa a cikinta. Midil kuwa makarantar kwana ce ta 'yan maza, a nan ake shiga Turanci gadan-gadan, ajujuwanta daga midil ɗaya zuwa midil huɗu. En'e ce ke ɗaukar nauyinta daga kuɗin baitulmali, malamanta kuma yawanci 'yan Arewa ne da suka fito daga Kwalejin Katsina, da Baturen makaranta yana duba su. Wanda ya gama, in yana cikin 'yan ƙalilan da suka yi zarra sai ya wuce kwaleji, wadda aka ɗauke daga Katsina zuwa Kaduna a 1938, daga nan zuwa Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. Sauran kuwa En'e ce ke kwashe su: wannan akawu, wancan malamin haraji, wani malamin daji, wani malamin asibiti, wani malamin gona, wani kuma a ƙara masa horo ya koma koyarwa a elemantare.

To a nan ne nake so mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Kusan kowane lardi midil ɗaya gare shi. Lardi guda fa, mai masarautu da gundumomi da dubban ƙauyuka. Ke nan ko da yake sunanta "tsakiya", a aikace mashigi ce, irin na kogi lokacin damina. Duk yawan mutanen da ke bakin gaɓa, ta wuri ɗaya ake haurawa, wanda ya haura ya zama malam mai albashi, wanda bai haura ba ya koma gona ko kasuwa. Shi ya sa idan dattijo ya ce "wane ɗan midil ne", ba shekarun karatu yake ƙirgawa ba. Yana nufin mutumin ya bi ta ƙofar da mutane kaɗan suka bi.

Waɗanda Suka Bi Ta Cikinta

Idan ka ɗauki tarihin shugabannin Arewa na farko, da wuya ka buɗe shafi ba ka ci karo da wannan kalma ba. Sardauna Ahmadu Bello da ya gama Kwalejin Katsina a 1931, a midil ta Sakkwato ya koyar har zuwa 1934, lokacin da aka naɗa shi hakimin Raba. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama Katsina a 1933, ya koma midil ta Bauchi yana koyarwa har ya zama hedimasta. A wannan makaranta ce Malam Aminu Kano, wanda shi kansa ɗalibin midil ta Kano ne, ya fara aikin koyarwa a 1942. Abubakar Imam yana malami a midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar rubutu ta 1933, kafin ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Alhaji Shehu Shagari ya yi karatu a midil ta Sakkwato, ya dawo ya koyar a cikinta, ya zo ya zama shugaban ƙasa a 1979.

Mu nan kuwa a ƙarƙashin Lardin Barno muke a lokacin, midil ɗinmu tana Maiduguri. Sa Kashim Ibrahim ya koyar a can bayan ya gama Katsina a 1929, kuma shi ne ya zama Gwamnan Jihar Arewa daga 1962 zuwa 1966. Malam Adamu Ciroma da muka faro magana da shi, an haife shi a Potiskum a 1934, ya bi ta midil ta Barno, ya wuce Barewa, ya yi digiri a Ibadan. Ya zama editan jaridar New Nigerian, ya zama Gwamnan Babban Bankin Nijeriya daga 1975 zuwa 1977, ya riƙe Ministan Kuɗi daga 1999 zuwa 2003. Allah Ya yi masa rasuwa a 2018, Allah Ya jiƙansa da rahama.

Sai dai a tuna, daga Potiskum zuwa Maiduguri ya fi kilomita 200, a zamanin da babu kwalta, sai motar lori in an dace. Yaro ɗan shekara 11 ko 12 za a ɗauka daga gaban uwarsa a kai shi can, ba za ta sake ganinsa ba sai hutu. Baba Hedimasta ya ce ranar da aka tafi da shi, kukan da aka yi a gidansu sai ka ce mutuwa aka yi.

Mu A Ina Muke A Lokacin?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna. Kakana daga ƙasar Kano ya taso yana fatauci, yana kawo goro da gishiri da tufafi, yana komawa da fata da hatsi. Potiskum ta fara haɓaka bayan an mayar da fadar Sarkin Fika can a 1924, 'yan kasuwa suka riƙa kwararowa. Shi kuma daga Potiskum ya gangaro kudu har Gadaka, mutanen Ngamo suka karɓe shi, suka ba shi wurin zama, ya yi aure ya hayayyafa. Har gobe muna gode musu. Irin wannan labari na san kusan kowane gidan Bahaushe a yankin nan yana da nasa.

Na tambayi mahaifina ko akwai wani a zuriyarmu da ya yi midil. Ya ce babu ko ɗaya. Yadda kakana ya ba shi labari, a wancan zamani ta hannun hakimi da dagaci ake ɗaukar yara makaranta, a ce kowace gunduma ta kawo kaza. Mutane kuwa gudu suke yi, wasu su ɓoye 'ya'yansu a rumbu, wasu su tura su ƙauye wurin dangi. Shi baƙo ɗan kasuwa sai ya fi kowa samun sauƙin zillewa, domin da ya ji ƙishin-ƙishin ana rubuta yara, sai ya haɗa ɗansa da ayari ya ce ya tafi fatauci, ko ya tura shi gabas karatun allo. Kakana har alfahari yake yi cewa ko ɗa ɗaya Nasara bai ƙwace masa ba.

Ba zan zarge shi ba. Yana tsoron kada a raba 'ya'yansa da addininsu ne, kuma yana da sana'ar da take ciyar da shi. Ƙari a kan haka, karatun allon da ya ba su ya amfane su duniya da lahira. Amma gaskiya ɗaya ce: yaran da aka kama da kuka a wancan lokaci su ne suka dawo suna rubuta masa rasit ɗin haraji, 'ya'yansu kuma su ne suka zama daraktoci da kwamishinoni. Mu kuwa jikokin waɗanda suka tsere, har yanzu idan takardar banki ko ta kwastan ta zo shago, sai a ce a kira yaron nan da ya yi sakandare ya duba.

Wani abin dariya shi ne, Turawa suna da sunan da suke kiran dillali da ɗan kasuwa mai saye ya sayar, wanda daga wannan kalma aka gina shi, ma'anarsa mutumin tsakiya. Ashe kakana ma ɗan tsakiya ne, yana tsakanin manomin Gadaka da kasuwar Kurmi. Sai dai tsakiyarsa daban, ta 'yan midil daban.

Ƙarshen Midil

A shekarun 1950, da aka fara shirin mulkin kai, sai aka ga 'yan midil ba za su ishi aikin gwamnati ba. Aka sake tsari: ƙananan ajujuwan suka koma babbar firamare, manyan kuma aka ɗaga su suka zama sakandaren lardi. Makarantun suna nan har yau da sababbin sunaye. Midil ta Kano ita ce Kwalejin Rumfa, ta Zariya ita ce Alhudahuda, ta Sakkwato ita ce Nagarta. Da makarantar ta tafi, sai kalmar ta bi ta, ta rage a bakin tsofaffi kawai. A wasu ƙasashe kamar Amurka har yanzu suna da makaranta mai wannan suna, ta yara masu shekara 11 zuwa 14.

Kalmar ta sake leƙowa a siyasa a shekarun 1950, lokacin da ƙabilun kudancin Arewa suka nemi jiharsu a ƙarƙashin jam'iyyar UMBC ta su Joseph Tarka. Amma a nan ma Hausar rediyo ba ta ɗauke ta ba, sai ta ce yankin tsakiyar Nijeriya, kamar yadda take cewa Gabas ta Tsakiya. Akwai kuma 'yar uwarta da samari suka aro, wato "santa", a filin ƙwallo da wurin zana jarrabawa. Abin lura shi ne, inda Bature zai ce abu na tsakiya ne don ya nuna muhimmancinsa, Bahaushe "babba" yake cewa. Bankin da Malam Adamu ya shugabanta a Turance bankin tsakiya ne, mu kuwa muka ce Babban Banki. Haka babban masallaci, haka babbar kasuwa.

Midil Ta Zamaninmu

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A 1976 aka kawo shirin UPE, firamare ta shiga kowane ƙauye. A 1982 aka fara tsarin 6-3-3-4, wanda ya raba sakandare gida biyu. A 1999 aka ƙaddamar da UBE a Sakkwato, dokarta ta 2004 kuma ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma tilas ne. Idan ka duba da kyau, ƙaramar sakandare ita ce ta gaji wurin midil, ita ce tsakanin firamare da babbar sakandare. Bambancin shi ne yau ba sai an je Maiduguri ba, kuma ba a bi ta hannun hakimi.

To amma a daidai wannan hawa ne 'ya'yanmu suke zubewa. Firamare kam kowa yana sa ɗansa, don a lokacin bai isa komai ba. Da ya kai shekara 12 ko 13, ya iya ba da canji, ya iya tsare shago in Baba ya tafi Potiskum sayo kaya, shi ke nan sai a ce karatun ya isa. Yarinya kuma a ɗora mata talla ko a fara maganar aure. Ba a cire yaro rana ɗaya. Yau ranar kasuwa ce kada ka je, gobe kaya sun iso, jibi kaka ta yi ana auna wake, kafin zangon ya ƙare shi da kansa ya ji kunyar komawa.

Mu tsaranmu kuma mun haɗu da abin da ya fi wannan. Ina ƙaramar sakandare aka kai hari makarantar Mamudo a watan Yulin 2013, aka rufe makarantun sakandare na jihar Yobe. A Fabrairun 2014 aka kai na Buni Yadi. Ranar 10 ga Nuwamban 2014 bam ya tashi a wurin taron safe na wata sakandare a Potiskum, ɗalibai fiye da 40 suka rasu. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. Mahaifina ya zaunar da ni a shago kusan shekara guda, kuma wallahi ba zan ce ya yi laifi ba. Baba Hedimasta ne ya yi ta zuwa yana zama da shi, har wata rana na ji yana ce masa, "Alhaji, babanka ya ɓoye ku, kai ma za ka ɓoye nasa?" Da ƙura ta lafa aka mayar da ni, na samu na gama sakandare. Amma cikin abokaina 'ya'yan 'yan kasuwa da muka fara tare, da yawa ba su koma ba har yau.

Na san wani zai ce, to in yaron ya gama ma, ai za a tambaye shi takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma wajen neman gurbin karatu ko aiki, mu kuwa baƙi ake ɗaukarmu ko da a nan aka binne cibiyarmu. Wannan matsala ce ta gaske, kuma ta cancanci a yi mata zama na musamman. Amma ba ita ke cire yaro daga aji biyu ba. Mu ne muke cire shi da hannunmu. Kuma ko kasuwar ce zai gada, yau kasuwa ta koma ta waya da POS da takardun banki. Ni da nake tsaron shago na san amfanin ɗan abin da na karanta.

Kammalawa

Roƙona ga iyayenmu da yayyenmu shi ne, a daure a bar yaro ya haura wannan mashigi. Ya je makaranta da safe, ya zo shago da yamma, ya je islamiyya da dare, babu wanda ya hana wani. Kakanninmu suna da uzuri, don makarantar tana nesa kuma ta Nasara ce. Mu kuwa tana bayan gidanmu, malamanta 'yan uwanmu ne da muke sallah sahu ɗaya.

Ƙanena da ya jawo wannan magana yanzu yana aji biyu na ƙaramar sakandare. Na gaya masa shi ma ɗan midil ne, ba na ƙwallo ba. Na kuma roƙi Baba cewa ranar kasuwa ni zan riƙa tsayawa a shago, shi ya tafi makaranta, kuma alhamdu lillahi ya amince.

Duk wanda yake da dattijo a gida da ya yi midil, ko ya tsere mata, don Allah ya zauna da shi ya ji labari tun yana raye. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu zaman lafiya a Yobe da Nijeriya baki ɗaya.